Motar da Ba Ta Shan Wuta Sai Ta Yi Wanka

Ranar da na je ceton Yaya daga hannun motarta, ni aka fara ceta. Na sha fararen kaya, na karkata hula, na shigo gidan ina ɗaga murya cewa ga injiniya ya iso, kowa ya kauce. Ban lura da ruwan sabulun da ya malale a tsakar gida ba. Ƙafar dama ta yi gaba, ta hagu ta ce ba da ita ba, sai ga ni zaune daɓas, hula ta gangara ƙarƙashin mota. Mijin Yaya, wanda idonsa ya yi rauni har ba ya bambanta ni da ƙyauren ƙofa, yana daga kan kujerarsa ya ce, "Wannan faɗuwar ta Auta ce. Na gane nauyin."

Ni fenti nake sayarwa. Iyakar sanina da wutar lantarki shi ne kunna fanka. Amma ina da baki, kuma a gidanmu an daɗe da barina da shi.

Yaya ita ce babbarmu. Ita ta goye ni, ita ta koya mini ɗaure igiyar takalmi, shi ya sa har yau da furfura a gemuna Auta take kirana, ko a gaban masu sayen fenti. Mijinta ya yi shekaru yana kai yaran unguwa makaranta a wata tsohuwar bas. Da idonsa ya fara dushewa, dangi suka ce a sayar da bas ɗin, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a rufa wa juna asiri. Yaya ta saurare mu har muka gama, sannan ta miƙa hannu ta ce a ba ta makulli. A shekarun da sa'o'inta suke kukan ciwon gwiwa, ita ta koyi tuƙi. Shi yana zaune a gefenta, ido a lumshe, yana koya mata da kunne: "Canza giya, ba ki ji injin yana kuka ba?" Ta ture randar maƙwabta, ta goge katangar makaranta, amma ba ta ajiye makullin ba. Kafin a jima yara suka raɗa mata Anti Direba, iyaye kuma suka daina duba agogo, domin ƙahon motarta ya ishe su.

Bas ɗin ce ta gaji kafin ita. Ta koma kwana a garejin makanike fiye da gida, ga shan mai kamar an huda tankin. Yaya ta rabu da ita, ta sayi mota mai amfani da lantarki, ta hannu, mai kujeru da yawa. Saboda girmama baƙuwa ta sa aka yi mata rumfa a kusurwar da ta saba yin wanki, aka kafa akwatin caji a bango, wanki kuwa ya koma bayan kicin.

Da farko lafiya lau. A jona da yamma, a wayi gari batir cike. Sai motar ta fara taurin kai. A jona, fitilar akwati ta nuna kore, can ta juya ja, gari ya waye batir yana inda aka bar shi. Wata rana ta sha, wata rana ta ƙi. Har ta kai ga mutuwa a tsakiyar titi da yara cike, Yaya tana tsaye tana tare musu tasi, suna kuka wai za a rufe musu ƙofar makaranta.

Da yammar nan Maman 'Yan Biyu, wadda ita ce bakin sauran iyaye, ta zo har gida. "Anti, wallahi muna son ki," in ji ta, "amma shugaban makaranta bai san so ba. Ga hutun tsakiyar zango ya zo. In aka koma abin bai gyaru ba, sai dai ki yi haƙuri, za mu nemi wani."

Yaya ba ta roƙe ta ba. Ta ce, "Kin yi gaskiya. A gaida 'yan biyu."

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta kashe firji da dutsen guga da injin jan ruwa, ko nauyi ne ya yi wa gidan yawa. Ta aro wayar cajin wani maƙwabci. Ta goge bakin filogi, ta hura, ta haska da tocila. Ta kai motar wurin wanda ya sayar mata, can ta sha wuta kamar ba ita ba. Ta kira mai gyaran wuta, ya zo da jakarsa, ya jona, fitila ta tsaya kore ƙyam tana kallonsa. Ya ce, "Hajiya, ai lafiyarta ƙalau." Kamar yaron da ya kwana yana zazzaɓi, yana ganin likita ya hau tsalle.

To, a nan ne na shigo, na faɗi. Bayan Yaya ta ɗaga ni tana kakkaɓe mini baya da ƙarfin da ya wuce na kakkaɓa, na ɗauki filogi na jona, na ɗan mari akwatin don ya san da wa yake. Kore. Muka jira. Kore dai.

"Kin gani?" na ce. "Ta ga namiji ta shiga taitayinta."

"Ba kai ta gani ba," in ji mijinta. "Wanka aka yi mata."

Muka juya muna kallonsa. Ya ce shi da ba ya ganin fitila, akwatin yake saurara. In zai ba da wuta, ƙas yake yi ya yi shiru. In zai ƙi, sai ya yi ƙas, ya sake yin ƙas. "Kuma na lura, duk ranar da na ji ƙarar bokiti a rumfar nan, ba ya sakewa. Ranar da mai gyara ya zo ma, ba sai da kika wanke ta ba?"

"Ai ba zan bari baƙo ya gan ta da ƙura ba," in ji Yaya, a hankali.

Na yi dariya har na manta da ciwon ƙugu. "Ashe 'yar gayu kika sayo! Sai a nemo mata turare da madubi. Yaya, ki sayar da amaryar nan, ki zo shagona ki riƙa zama, ko ba komai akwai inuwa."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta tsura wa ruwan da ke ƙasa ido.

Hutun nan kaf a kan wannan ta ƙarar da shi, ni kuma ina zuwa kallo. Ta jira har motar ta sake ƙin sha. Sai ta fitar da ita ƙofar gida, ta wanke ta tas a can, ta goge, ta dawo da ita ta jona. Ja. Ta ce, "To, ba wankan ba ne. Ruwan ne, kuma a nan."

Ta zare filogi, ta kashe akwatin, ta fitar da motar gaba ɗaya. Ta ciko bokiti ta sheƙa a tsakiyar rumfa, ta duƙa, hannu a gwiwa, tana bin ruwan kamar mai bin sawun ɓarawo. Na ce mata in maƙwabta suka leƙo za su ce abin ya taɓa ta. Ta ce in matsa, ina tare mata haske. Ruwan ya bi gangaren siminti, ya kewaye ginshiƙi, ya nufi lungun bango inda simintin bai kai ba, ya shige ƙarƙashin wata tsohuwar tayar bas da aka jingine.

"Auta, ɗaga tayar nan."

Na ɗaga, ina mita. A ƙasa ga kan wani ƙarfe da aka kafa, ya yi tsatsa, da waya ɗaure a jikinsa ta bi bango ta shige gida. Ƙasar wurin ta bushe har ta tsattsage, tana zuƙe ruwan kamar ta shekara da ƙishi. Yaya ta ƙara mata bokiti, ta ba ta lokaci ta jiƙa, ta share hannunta, ta dawo da mota ta jona. Duk muka kasa kunne. Ƙas. Mijinta ya karkata kunne, ya jira, ya jira, sannan ya ce, "Bai sake ba."

Mai gyaran wuta da ya dawo ya ga ƙarfen, sai ya dafe kai. Ya ce wannan ita ce wayar ƙasa, wadda ke janye wuta in ta ɓalle, don kada ta ja mutum. Akwatin caji yana duba ta kafin ya saki wuta. In ƙasar ta bushe ƙarfen bai kama ba, sai ya ƙi, don kare mai motar. "Ruwan wankinki ne yake shayar da shi duk shekarun nan, Hajiya. Kika ɗauke wanki, kika kuma yi rumfa ta tare ruwan sama." Ya ce kafin ya samu sararin yin gyara na dindindin, ta riƙa zuba wa ƙarfen bokitin ruwa kullum.

"A'a," in ji Yaya. "Ba zan rataya karatun 'ya'yan mutane a kan bokiti ba. Ranar da na manta fa? Yau za a yi."

Ya ce ai sai an kafa sabon ƙarfe dogo, wanda zai kai inda ƙasa take da laima, kuma ba shi da mai taya shi haƙa. Yaya ta juyo ta dube ni. Haka na wuni da diga a hannu, ni da ko gwangwanin fenti sai an ɗauko mini. Ita kuma tana tsaye a kanmu, duk lokacin da muka ce ya isa ta ce a ƙara. Bayan an gama ta hana kowa ɗiga ruwa a rumfar har hutu ya ƙare, don ta tabbata ba laimar bokiti ce take ruɗin ta ba. Motar ta yi ƙura, amma kullum sai ta sha.

Ranar komawa makaranta na yi sammako, tafin hannu duk ya yi kanta saboda diga, don in ga ƙarshen abin. Batir cike. Yaya ta gyara madubi, ta ɗaura bel, mijinta yana daga kujera yana tuna mata ta fara da gidan 'yan biyu. Na leƙa ta taga.

"Yaya, in za a faɗi gaskiya, aikina ne. Da ban faɗi a ruwan nan ba, wa zai kula da shi? In iyayen yara suka tambaya, ki ce ƙaninki injiniya ne."

Ta kunna mota, ta dube ni daga hula har takalmi.

"Auta, da ruwa yana sa kowane abu ya ɗauki caji, da ranar da ka zauna a cikinsa ka tashi da hankali. Janye ƙafarka, yara suna jira."