Labarin da Yayana Bai Ƙarasa Ba

Shekarun baya, yayana yana koyar da falsafa a jami'a. Bincikensa a kan abu ɗaya ne: shin hankalin mutum daban yake da gangar jikinsa, ko kuwa duk aikin ƙwaƙwalwa ne? In ya zo hutu Haɗeja ya ɗauko wannan zance a kan tabarma, mahaifiyarmu, Inna, takan ce, "Kai dai ci tuwonka, jikin ma yana da hakki." Ni kuwa gyaɗa kai nake kamar na gane, alhali idona na kan kifin da ke kwanonsa.

Wata damina yana dawowa daga Kafin Hausa a kan babur, ya kauce wa garken shanu, ya faɗi ya bugu a ka. Ya yi makonni a asibiti, ko yatsa ba ya motsawa. Likita ya ce ba shi da tabbacin yana jin mu. Muna zama muna addu'a, muna hira a kansa kamar ba ya wurin.

Allah ya tashe shi. Sai dai harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita, hannun dama kuma ya daina riƙe alƙalami.

Wata la'asar a gida, ina tsintar shinkafa kusa da shi, ya ce, "Ke, na ji ku fa."

"Yaushe, Yaya?"

"A can. Ba hannu, ba ƙafa, amma ina nan. Na ji Inna ta ce in na gaji in tafi, ta yafe min."

Inna ta saki muciya. "Wallahi ni kaɗai ce a ɗakin ranar."

Ya yi murmushi da rabin baki. "Haushi na ji. Wa ya ce miki na gaji?"

Muka yi dariya, Inna na goge ido da mayafi. Ya gyara zama ya ce, "Akwai saura. Abin da na daɗe ina nema a littattafai..."

"Don Allah bar tuna wannan," in ji Inna, "kada ciwon ya dawo."

Ya juyo ya kalle ni. Na ce, "Bari ka ƙara jin ƙarfi, Yaya, sai ka ba ni a tsanake."

Ba a daɗe ba kogi ya yi ambaliya, ruwa ya cinye gonaki ya shigo unguwa. Muka rarrabu gidajen dangi, shi aka kai shi wurin kawunmu. Kafin ruwa ya janye, ciwon ya sake buge shi, ya rasu.

Wani abokin aikinsa da ya zo ta'aziyya ya tambaye ni ko marigayin ya faɗi wani abu game da lokacin da yake sume. Na gaya masa ɗan abin da na ji. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Ban sani ba ko ragowar za ta warware wa masana wani abu, wataƙila ma mafarki ne. Abin da ke cina shi ne, mutum ya je inda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana leƙe, ya dawo da labari a baki, mu masu ƙaunarsa muka ce ya dakata. Yanzu in na je dubiya na tarar maras lafiya na kokawa da kalma, zama nake yi har ya fitar da ita, ko motar gida za ta tafi ta bar ni.

Allah ya jiƙan Yaya.