Littafin Ƙawata Ya Riga Nawa Fitowa

Shekarun baya ne, lokacin ƙafafuna suna kai ni kasuwar Bodinga ba sanda. Jikata, wadda na goya tun tana tsumma, ta dawo daga birni da wata sana'a da ban taɓa ji ba. Wai gyaran rubutun mutane take yi, kuma tana zama da tsofaffi ta jawo labarin rayuwarsu har ya zama littafi. Ni ban san baƙi ba, amma labari kam a bakina ta fara jin shi.

Ran da ta iso ta ce in ba ta nawa. Na ce wa zai kula da labarin tsohuwa mai daka. Washegari ta sake, na ce ta bar ni da carbina. A wurinmu haka ake yi. Ko tuwo aka miƙa maka sai ka ƙi, ka sake ƙi, sai an matsa sannan ka karɓa. Na gyara zama ina jiran ta uku, har na tsara inda zan faro.

Sai yarinya ta hau babur ta nufi Shagari, wurin ƙawata ta ƙuruciya, wadda 'ya'yanta suka nemi a yi mata littafi.

Duk damina can take wuni. Ta dawo tana ba ni labari, wai tsohuwar akwai fasaha, wai ita ta fara kai albasa kasuwa da kanta a unguwarsu. Albasar da ni na ɗora mata a ka. Ina ji, ina ta tsince shinkafa. Da littafin ya fito ƙawata ta aiko mini, da hotonta a bango ta sha lalle. Na sa shi ƙarƙashin tabarma na zauna a kai.

Jikata ta gani. Ta ce, "Kaka, mi na yi miki?"

Na ce, "Ba ki yi komi ba. Sau biyu kika tambaye ni."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Ta ce a aikinsu in mutum ya ce a'a, ba a tilasta shi. Na ce to a gidanga ana tilastawa. Ta durƙusa ta tambaya ta uku. Na ce ba ni so. Ta kunna wayarta ta aje a gabana.

Mun shekara muna yi. Ta yanke mini abu da yawa, har batun albasar, ta ce littafina ne ba amsa ga na wata ba. Wannan ya yi mini zafi, ko da yake na san da gaskiyarta.

Ƙawata ta rasu bara, Allah ya jiƙan ta. Na yi kukanta sosai. Amma har yau nakan jera littattafan biyu in auna da yatsa. Nawa ya fi kauri.