Ɓaure a Tsagar Kufena

Baba maharbi ne a ƙuruciyarsa, kuma da bakinsa yake cewa yana cikin waɗanda suka ƙarar da remar dutsen Kufena. Masu saran itace suka ƙarasa sauran. Da idonsa ya fara rauni, ba shi da zance sai na dutsen. Burinsa ya ga rema ta dawo kafin ganinsa ya tafi.

Ni sana'ata renon dashe a Samaru. Shekarar da wata ƙungiya ta ba mu tallafin farfaɗo da dajin dutsen, har 'yar rawa na taka don murna. Na cika ledoji da bishiyar turare, don tana saurin tashi, ga kyau a hoto. Na garzaya Bomo ina ba Baba labari, kaina na kumbura.

"Kai da karatunka," ya ce. "Wace dabba ka taɓa gani tana cin wannan icen? Ko akuya ba ta kula shi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Duk da haka na kai maganar wurin matar da ke kula da tallafin, ina jiran ta ce an riga an sa hannu. Sai ta taso daga Sabon Gari a keke napep, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ku nuna mana yadda ake yi," ta ce.

Ya nuna mana. A farfasa nunannen ɓaure, a cuɗa da kashin shanu, a dunƙula kamar fura, a cusa a tsagar dutse farkon damina. Kanya da ɗinya kuma a ƙasa. Ta san ɓaure zai yi shekaru bai isa ɗaukar hoto ba, amma ta yarda, ta tsaya mana gaban manyanta. Har gobe ina yi mata addu'a.

Da yawa cikin shukar sun mutu. Wasu sun kama. Idon Baba bai jira su ba.

A daminar bara na tarar da kashin wata dabba tule wuri ɗaya a gindin wani ɓauren. Na ƙunso a ganye, na zuba masa a tafin hannu. Ya murje, ya kai hanci.

"Rema ce," ya ce. "Kuma ba guda ba ce. Tashi ka je ka gaya wa baiwar Allahn nan na gani."