Zobe Mai Dutse Kamar Ƙwayar Gero

Ƙanena ne ya jefa ni cikin wannan aiki, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in ja masa kunne. Shekara huɗu ya yi yana ci-rani a Abijan. Da aurensa ya taso sai ya kira ni a salula ya ce in haɗa masa akwatin lefe. Wannan bai dame ni ba, ni ce babba a ɗakinmu, kuma ina koyarwa a lekol a Buza, na saba da hidimar mutane. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne zobe. Yarinyar 'yar Urno ce, ma'aikaciyar jinya, wai ba ta roƙe shi komai ba sai abu ɗaya: zobe mai lu'ulu'u, ko ƙarami ne, amma na gaskiya.

Na wanke shi tas. Na ce kuɗin da ya ware wa zoben nan sun isa karsana, mu 'yan Garhanga yaushe muka fara ɗaura dutse a yatsa, duwatsun da suka cika mana gonaki ba su ishe mu ba? Ya bar ni na gaji don kaina, sannan ya ce ya riga ya yi mata alkawari. Na ce to ya saya a can mana, ai birni ne. Sai ya tuna mini 'yan kunnen da ya taɓa aiko wa innarmu, waɗanda aka rantse masa zinariya ne, kafin sati biyu kunnen tsohuwa ya yi kore.

"Yaya, idona ba shi gane wanga abu," in ji shi. "Ke kam ba a cutar ki."

Da wannan zaƙin baki ya ɗaure ni. Ni kuwa ban taɓa ganin lu'ulu'u da idona ba, sai a hoto.

Ba yarinyar nake tsoro ba, gwaggonta nake tsoro. Tsohuwar ta yi shekaru masu yawa a Jidda tana dillancin zinariya tsakanin alhazai, kuma ita ke buɗe akwatin duk 'yar da za a aurar a gidansu. An taɓa kai musu sarƙar jabu, ta ɗaga ta a gaban mata ta miƙa wa masu kawowa ta ce su koma da abinsu. Labarin har garinmu ya zo, mun yi dariya a lokacin. Yanzu kuwa in aka cuce ni, gumin ƙanena ya tafi a banza, kuma mu za a yi wa dariyar.

Wata ranar Asabar da ba lekol na shiga mota zuwa Madawa. Na fara da masu tebur a kasuwa, don in san inda aka dosa. Kowanne ya zazzage mini zobba masu duwatsu manya suna walƙiya, kowanne ya rantse har da ɗora hannu a ƙirji. Wani ya yi mini ragi sau uku tun ban buɗe baki ba, nan na san ba wurin tsayawa ba ne. Daga ƙarshe wata abokiyar aikina da ke zaune a garin ta raka ni gidan wata Hajiya mai zuwa Dubai sarin kayan mata.

Hajiyar ba ta da fara'a ko kaɗan, kuma abin mamaki wannan ne ya ɗan kwantar mini da hankali. Ta tambayi abin da na riƙo, na faɗa mata, ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce sun yi yawa ba. Ta fito da zobba uku ta jera a kan farin ƙyalle. Na farko dutsensa ya kai ƙwayar wake, ta ce zinariyar ta gaskiya ce amma dutsen gilashi ne, kuma shi mata suka fi saye. Na biyu lu'ulu'u ne matsakaici, sai ta ba ni ɗan madubin ƙara girma ta ce in duba da kyau. Na ga wani baƙin ɗigo a cikinsa da 'yar tsaga a gefe. Na uku kuwa sai da na sunkuya kafin na ga dutsen, bai fi ƙwayar gero ba, a kan siririyar zinariya. Ta ce shi ne mai tsabta, an yanka shi da kyau, kuma shi kaɗai ke da takardar shaida. Ta hura wa na farko da na uku numfashi, na ga hucin ya daɗe a kan gilashin, a kan ƙaramin kuwa nan take ya ɓace. Ta ɗora wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami a kan ƙaramin, ta yi ƙara, wai alamar na gaskiya ne.

Gaskiya zuciyata ta so babban. Na san matanmu, na san ido suke fara ciyarwa. Na kai hannu gare shi har sau biyu ina janyewa.

"Madam, in don a gani na, ɗauki babba," in ji Hajiya. "In don a aje na, ɗauki ƙarami. Kuɗɗinki ba su sayen duka biyu."

Na ɗauki ƙaramin, raina a ɓace kamar an yi mini dole. Kafin in bar garin na kai shi wurin wani tsohon maƙerin azurfa. Ya goga gindin zoben a baƙin dutsensa, ya ɗiga wani ruwa, ya ce zinariyar ba ta da aibi. Da na tambaye shi dutsen, sai ya mayar mini da zoben ya ce shi ƙarfe ya sani, ba zai faɗi abin da bai sani ba. Na gode masa, amma na tafi da rabin damuwata. Takardar da aka ba ni ma ba da Faransanci aka rubuta ta ba balle in karanta, na'urar kuma ta Hajiya ce, wa ya sani ko a kan tsakuwa ma ƙara take yi. Sati uku zoben yana ƙarƙashin kayana, ina fito da shi ina hura masa numfashi kamar mai tofa addu'a.

Ranar kai akwati muka isa Urno da hantsi, ni da ƙannen innarmu biyu da wasu maƙwabta. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, mata suka cika wurin. Gwaggon ta zauna a tsakiya, 'yar firit da ita, da tabarau a rataye a wuya. Ana fito da kaya ɗaya bayan ɗaya suna zagayawa hannu zuwa hannu, atamfofi, shadda, takalma, turare, ana guɗa. Da aka zo kan 'yar battar zoben aka buɗe, sai guɗar ta tsaya. Wata ta kai ta kusa da hancinta ta tambaya ko dutsen ya faɗi a hanya ne. Aka kwashe da dariya. Wata kuma ta ce a yi hankali kada kaza ta tsince shi. Na fara shirya amsar da zan ba su, kuma ba mai daɗi ba ce.

Tsohuwar ta miƙa hannu aka ba ta. Ta sa tabarau, ta tashi da kyar ta fita daga inuwa zuwa cikin rana. Ta juya zoben, ta hura masa numfashi, ta sake juyawa, ta duba cikinsa. Ba ta ko kalli takardar da na miƙa mata ba. Ta daɗe a tsaye tana dubawa.

"Wa yaz zaɓo shi?" ta tambaya.

Na ce ni ce, da muryar mai jiran faɗa. Ta tambaya ko an nuna mini wanda ya fi shi girma na bari. Na ce an nuna mini. Ta gyaɗa kai. Wata yarinya ta miƙo hannu don a ci gaba da zagayawa da shi, sai gwaggo ta buge mata hannun, ta kwance haɓar zanenta ta ƙulle zoben a ciki ƙulli biyu.

"Wanga ba a yawo da shi bisa tabarma," ta ce. "Ku kalli atamfa."

Sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka bi, har da mai maganar kaza. Ni kam daɗi da sanyi suka sauko mini lokaci guda, na rasa abin yi, sai na jawo kwanon furar da aka ajiye mana tun zuwanmu na sha kusan rabi ban ɗago ba.

Da na samu sarari na zagaya bayan rumbu na kira ƙanena. Bugu ɗaya ya ɗauka. Na ce masa an yi dariya, sannan an daina, gwaggo ta ƙulle zoben a zanenta. Shayi da burodi yake sayarwa a bakin wata tasha, sai na lura ban ji ƙarar cokali da kofi da na saba ji a bayansa ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali. "Bari in hura wuta, Yaya. Tun sahe ban iya buɗe tebur ba."