Keken da Ba Ya Lalacewa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tela ne tun kafin a haife ni. Ba irin telolin nan masu shagon gilashi ba, shi mai gyara ne. Ya rage tsawon wando, ya canza zif, ya yi wa gwiwa faci, ya juya wuyan rigar da ya cinye. Shagonsa ɗan ɗaki ne a ƙarshen layin tsohuwar tasha, kuma tun da aka mayar da tashar bayan gari ƙafa ta ɗauke daga layin. Mai shayi ya tashi, mai aski ya bi bayansa, mai gyaran rediyo ya garƙame ƙofa da kwado bai sake leƙowa ba. Kawu ya ce ba inda za shi, don ɗakin kwanansa na bayan shagon, labule ne kawai tsakani.

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ɗansu ɗaya ne, wanda nake ce wa Yaya, yana aiki a wani gari mai nisa. Yaya ba ya wasa da aiko kuɗi, amma wayarsa gajeriya ce kamar ta mai bin bashi: an tashi lafiya, an ci abinci, to sai anjima. Masu kawo ɗinki kuwa yawanci ko babur ba sa kashewa. Su miƙo leda daga bakin ƙofa, su ce gobe, su wuce. Ni kaina ina can wata unguwa da yara da aiki, sai an kwana biyu nake samun zuwa. Kawu yakan wuni bai furta magana mai tsawo da kowa ba, kuma wannan abin yana cin raina duk lokacin da na tuna.

Mutum ɗaya ne yake shigowa ya zauna. Wani tsoho ne mai gyaran keken ɗinki, kowa Injiniya yake ce masa, har an manta sunansa na yanka. Keken Kawu tsoho ne tukuf, na takawa da ƙafa, kuma ba ya rufa wata bai kwanta ba. Yau bel ya saki, gobe kwarkwaro ya ƙi ɗauko zare, jibi wani noti ya kwance. Sai a kira Injiniya, ya zo da jakarsa ta fata, ya shimfiɗa ƙyalle a kan teburin yanka, ya jera kayan aikinsa. Gyaran da bai fi a gama shi kafin ruwan shayi ya tafasa ba, sai su kai la'asar a kansa. Suna musu, suna zagin juna irin na tsofaffi, suna tuno mutanen layin da suka mutu da waɗanda suka tashi. A ranar ne kaɗai ake jin dariyar Kawu daga titi. Amma Injiniya ba ya zuwa sai an kira shi aiki, Kawu kuma ba zai taɓa kiran namiji ɗan'uwansa ya ce zo mu yi hira ba. Maza da girman kai sai addu'a.

Wata rana keken ya yi ƙara ya tsaya cak. Injiniya ya buɗe kan, ya haska da tocila, ya daɗe bai ɗago ba.

"Tela, wannan karon ba ni da ta cewa," in ji shi. "Ƙarfen ciki ne ya tsage, kuma an daina yin irinsa. Ka yi masa addu'a kawai."

Da Yaya ya ji, ni ya turo wa kuɗin, don ya san idan suka shiga hannun Kawu ƙarƙashin katifa za su. Ya ce kada in duba tsada, in saya wa Baba wanda ya fi kowane kyau, wanda ba zai sake wahalar da shi da masu gyara ba. Na ce to. Muka ɗauki Injiniya ya raka mu, tunda shi ya san ciki da wajen abin.

Shagon da muka je dogo ne, sababbin kekuna a gaba, na hannu a can ciki. Da mai shagon ya ji cewa akwai kuɗi, sai ya ja mu wurin wani fari fes mai ɗan allo kamar na waya. Ya ce da lantarki yake aiki, shi ke zura zare da kansa, shi ke yankewa, ga garanti.

"Baba, in ka sayi wannan, kai da mai gyara sai dai a hanya," in ji shi.

Kawu ya ɗan taɓa shi da yatsa ɗaya ya janye hannu. Ya ce a layinsu wuta sai ta ga dama take zuwa. Aka nuna mana wasu sababbin masu sauƙin kuɗi, Injiniya ya ɗaga ɗaya da hannu guda, ya girgiza, ya ce rabinsa roba ce, na wasan yara ne. Muka nausa ciki wurin na hannu.

A nan na ga abin da ya ba ni haushi da farko, daga baya ya ba ni tausayi. Kawu ya wuce masu kyau duka, ya je ya tsaya gaban wani kwarababbe mai tsatsa, wanda ana juya shi yana kwaram-kwaram. Ya ce shi wannan ya yi masa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan keke, ya san na banza daga nesa, shi ne yake shafa wannan yana cewa ai da ɗan gyara zai yi.

"Ɗan gyara?" in ji Injiniya. "Kai Tela, tsufa ya taɓa ka. Wannan ai duk mako sai na zo."

Kawu ya dai ci gaba da shafa keken. Injiniya bai lura ba, don idonsa ya riga ya faɗa kan wani baƙi mai nauyi a lungu. Ya juya shi, ya kara kunne, ya buɗe ƙasa ya leƙa, ya sa ƙyalle ninki huɗu ya ɗinka. Ɗinkin ya fito a miƙe, keken ko tari bai yi ba. Ya yi ta ciniki da mai shagon har ya sauko, kuɗin Yaya ko rabi ba a taɓa ba.

"Ga kekenka," ya ce yana washe baki. "Ƙarfe ne zalla. Wannan sai dai ka mutu ka bar shi. Ka huta da ganin fuskata."

Ya yi dariya, mai shagon ya taya shi. Kawu ya ce an gode.

Injiniya kuwa bai yi ƙarya ba. Keken ya shiga shago ya kama aiki, watanni suka shuɗe ko zare bai tsinka ba. Kawu yana ɗiga masa mai, yana goge shi, don ba zai iya wulaƙanta kayan aiki ba ko da yana jin haushinsa. Yaya ya ji daɗi ƙwarai, ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta. Ni nawa bai kwanta ba. Duk zuwan da zan yi sai in tarar da Kawu ya gama ɗinkinsa tun hantsi, yana zaune yana kallon titin da ba kowa. Ya rame, maganarsa ta koma e da a'a. Na ce ya kira abokinsa mana su gaisa. Ya ce a kan me, keke lafiyarsa ƙalau.

Wata ranar da na kai masa kayan makarantar yarana, ina shiga ya ce in buga wa Injiniya waya, keke ya lalace. Ya taka ya nuna mini, ga shi yana tsallake ɗinki yana tsinka zare. Kafin azahar sai ga Injiniya da jakarsa, yana haki, tun daga ƙofa yana cewa ba zai yiwu ba. Kawu ya ɗora ruwan shayi, fuskarsa ta saki kamar ba shi ba.

Injiniya ya duba kwarkwaro, lafiya. Ya sassauta zaren sama, ya ɗaure, ya taka, zare ya tsinke. Ya kwance ƙasa, ya wanke, ya mayar, ya taka, ya sake tsinkewa. Da farko ana hira ana dariya. Can sai Injiniya ya daina amsawa. Ya cire tabarau ya goge, zufa na tsatso masa. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Kome ya bi ya duba a keken nan in ban da allura, don ba a tambayar tsohon tela ko ya sa allura daidai, cin fuska ne.

Da rana ta yi sanyi sai ya fara mayar da kayansa cikin jaka ɗaya bayan ɗaya.

"Tela, ka yafe ni," ya ce a hankali. "Ni na zaɓa maka shi, ga shi na kasa gane ciwonsa. Idona ya tafi, hannun ma ya tafi. Ka nemi wani cikin matasan nan. Ni ina ganin na gama aiki ke nan."

Ya rataya jaka ya nufi ƙofa. Kawu yana zaune ya dafa gwiwa, ya bar shi har ya sa ƙafa ɗaya a waje.

"Injiniya," ya ce. "Dawo. Idonka ƙalau yake. Allurar ce na juya, na sa ta baya a gaba. Da gangan na yi."

Injiniya ya waiwayo yana kallonsa.

"Ba wanda yake zuwa," in ji Kawu. "Tunda ka zaɓa mini wannan abin, ba wanda yake zama a shagon nan."

Na sunkuyar da kai, don ban taɓa jin Kawu ya faɗi magana irin wannan ba, kuma hawaye sun cika mini ido. Injiniya ya maido da ƙafarsa ciki. Sannan ya dawo, ya kwance allurar, ya juya ta, ya ɗaure, ya taka. Ɗinki ya tafi sumul. Ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya ja benci ya zauna.

"Amma kai mugun tsoho ne," ya ce. "Ni ma fa a gida nake wuni, waya a hannu, ina jiran keken wani ya lalace."

Ya ɗauki kofin shayin da ya huce, ya miƙa wa Kawu ya ce a sake ɗumama shi.