Abin da Ya Cika Mini Kwamfuta

A daminar da na fara buga wa mutane takardu a zauren gidanmu na unguwar Djamboutou a Garoua, abu biyu suka hana ni sakat. Na farko kwamfutata, wadda kullum cikinta ke ƙara cika alhali ban zuba mata komai ba. Na biyu Inna, mahaifiyata, da ta daina amsa gaisuwar Yayana. Ban taɓa kawo wa raina cewa ciwo ɗaya ne ba.

Yaya shi ne ɗan farin Inna. Yana Libreville yana sayar da yadi, kuma ya daɗe rabonsa da Garoua. A gidanmu ana riƙe da alkunyar ɗan fari yadda kakanni suka bar ta: Inna ba ta kama sunansa, ba ta tambayar labarinsa, tun yana jariri ma aka miƙa shi ga kakarmu, can ya girma. In ya kira ranar Juma'a nakan kanga mata wayar a kunne ta ce, "Lafiya. Allah ya yi albarka," ta ture hannuna. Iyakar rabonsa ke nan, kuma da shi yake lallaɓa zuciyarsa a ƙasar mutane. To sai ga shi ko wannan 'yar albarkar ta janye. Da na nufo ta da waya sai ta ce hannunta da ƙullu, ko ta shige ɗaki ta ja labule. Yaya ya yi ta tambayata ko wani laifi ya yi, ni kuwa na ce masa rigimar tsufa ce, don hankalina yana kan kwamfuta.

Kwamfutar ta gwanjo ce, irin ta ɗorawa a cinya, ta ci duniya kafin ta zo hannuna. Wata safiya ina tsakiyar shirya katin biki sai ta ƙi ajiye aikin, wai babu wuri. Na duba, layin da ke nuna yawan ajiya ya koma ja wur. Na kwashe shara, na goge finafinan da na tara, har hotunan bikin ƙawata na sadaukar, na samu ɗan wurin ajiya na 'yan gigogi na numfasa. Kafin mako ya zagayo sun sake ɓacewa. Ni mace ce mai saurin fushi, ba na ɓoyewa, sai na fara neman wanda zan ɗora wa. Na ɗora wa 'yan makarantar da ke kawo mini aiki a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na ce su ke kwaso mini ƙwayoyin cuta daga shagunan intanet. Na ɗora wa masu wuta da ke ɗauke ta ba sallama. Har wata maƙwabciyarmu mai sayar da bandar kifin Lagdo ta sha harara, don ta taɓa roƙo in zuba mata waƙoƙi a waya.

Da abin ya ishe ni na hau babur zuwa wurin mai gyara a bakin kasuwa. A garinmu maganin kowane ciwon kwamfuta ɗaya ne, a wanke ta tas a sake zubi. Ko kallon kirki bai yi mata ba ya ce, "Madam, sai an formate." Na ce masa takardun mutane ne a ciki, ba zan aske kai don kwarkwata ɗaya ba. Ya ɗaga kafaɗa, na ɗauko kayata na dawo ina ƙunƙuni.

Da azahar, bayan masu kawo aiki sun watse, na zauna na sa ta ta jero mini duk abin da ke cikinta daga babba zuwa ƙarami. Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Manyan duka bidiyo ne, jere reras a wani lungu da kyamarar kwamfutar ke ajiye abin da ta ɗauka, wurin da ban taɓa leƙawa ba. Na buɗe ɗaya ina shirin zagin ɗan wani. Sai ga goshin Inna da rabin kallabinta sun cika fuskar kwamfutar, tana zaune a kan kujerata, tana gyara murya. Ta kira sunan Yaya. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Nan take na tuna. Da ƙaramar Sallah na matsa mata ta zauna na ɗauke ta bidiyo da kwamfutar tana cewa barka da Sallah, don in tura wa Yaya. Da muka gama ta tambaye ni ko shi ke nan saƙon ya tafi. Ina sauri, wani yana jiran takardarsa, na ce mata e, da an danna jan nan an yi magana ya isa gare shi. Daga baya na tura da hannuna ta waya, ban kuma sake tuna zancen ba. Inna ba ta karanta boko, amma idonta ba ya mantuwa. Ta riƙe hoton kyamarar, ta riƙe jan maɓallin. Duk ranar da na fita sayen takarda ko tawada na bar kwamfutar a kunne, sai ta shigo zaure ta zauna ta yi hira da ɗanta.

Ya kamata in rufe, ban rufe ba. Na kalla ina jin kaina kamar mai leƙen banɗaki, amma na kasa dainawa. Ta ba shi labarin gwiwarta, da akuyar da ta haifi biyu, da ƙanwarta da ta baro Kolofata da yara. Ta ce masa ya rage shan shayi, ta ga ya rame a hoto. A wani bidiyon ta gaya masa ranar da aka zo aka ɗauke shi zuwa gidan kakarmu, yadda ta tsaya tana dariya a gaban mata don kada a ce ba ta da kunya, da suka tafi ta zagaya bayan rumbu ta cusa zani a baki. Ta ce ba ta son komai, ko kalma ɗaya ce ya maido mata ta wannan hanyar, ba sai kowa ya ji ba. A na ƙarshe-ƙarshen muryarta ta bushe. Ta ce tun da ya ji duk wannan ya yi shiru, ta gane, ba za ta ƙara damunsa ba.

Watanni tana jiran amsar saƙon da ko zaure bai bari ba, kuma alkunya ta hana ta tambaye ni ko ya ce wani abu. Ni da bakina na yi wannan aika-aikar, don na ga bayani na minti ɗaya zai ɓata mini lokaci. Na yi tunanin in tura masa duka a ɓoye, amma nauyinsu ya fi ƙarfin layina, kuma zuciyata ta ce sata biyu ke nan. Na tashi na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, na durƙusa na faɗa mata komai.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tambayarta ta farko ita ce ko na kalla. Na ce e. Ta sauke kai kan faifan ta daɗe, kunnuwana suna jin ƙarar tsakuwar da take jefarwa.

"Ashe bai ji ba," ta ce a hankali. "Na ɗauki alhakin yaron mutane."

Na ce mata abin da sauƙi, gobe zan je inda layi ke da ƙarfi in tura masa, ya ji da kunnensa. Ta girgiza kai. Ta ce ta yi magana ne don tana zaton daga ita sai shi sai Allah. Maganar da za ta bi ta hannun ƙanwarsa ta riga ta zama tallan tsiya. Na roƙe ta, na yi kuka, na ce ko guda ɗaya ta bari, na bayan rumbun nan. Ta miƙe ta karkaɗe zaninta ta wuce gaba zuwa zaure, ta tsaya a kaina har na goge su ɗaya bayan ɗaya, ta kuma sa na kwashe sharar a gabanta, don ta taɓa jin ina cewa abin da aka goge yana laɓewa a can. Sannan ta sa na yi mata alkawari ba zan taɓa gaya masa ba.

Ranar Juma'a ya kira. Wannan karon da kanta ta miƙo kunne, ta ce, "Lafiya. Allah ya yi albarka," ta ƙara da, "Allah ya tsare," ta ture hannuna. Na koma zaure da wayar. Yaya yana ta murna an huce, yana dariya, har da cewa yau ya samu ƙari. Can sai dariyar ta lafa, ya ce, "Ke dai kin more, auta. Ni na san Inna ba ta taɓa kewata ba, na dai gode da albarkar."

Na buɗe baki, na tuna alkawari. Na tambaye shi yaya kasuwa.