Riga-kafin Inna

Ƙarfe sha ɗaya saura minti goma na safiyar wata Talata abin ya fara lalacewa. Na san lokacin domin na rubuta shi a saman shafi, kamar yadda nake yi a kowane darasi.

Muna zaune ni da Inna a gaban likita, a wani asibiti a Umdurman. Daga unguwarmu ta Mayo muke zuwa, mota biyu da keke mai ƙafa uku, mu haye kogin Nilu, don kada mu yi kiciɓis da 'yan unguwa. Ba a daɗe da gaya mana tana ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ba. Larabcin Inna na kasuwa ne, ya ishe ta sayar da wainar kisra, amma bai kai na asibiti ba. Ni ce tafinta.

Likitar ta ajiye magani iri biyu. Na farko, ta ce, shi ke danne ƙwayar cutar, kuma ba a barinsa. Na biyu, wani fari, ta kira shi wiƙaya: yana tare cututtukan da ke samun hanyar shiga idan garkuwa ta yi rauni. Da na maimaita wiƙaya kawai, da Inna ta tambaye ni ma'anarta. Amma ina son kalma ta zauna daidai. Na lalubo wadda nake ji a bakin kakata, na ce wannan riga-kafi ne. Inna ta gyaɗa kai. Har daɗi na ji.

Na zana jadawali a bayan littafina. Kowace safiya kafin in fita makaranta nakan tambaye ta ko ta sha magani, ta ce ta sha, in sa alama. Layi ɗaya na yi wa magungunan biyu.

Cikin wata na uku ta fara busasshen tari. Muka ɗora wa hayaƙin murhu laifi. Sai zazzaɓi, sai kuma numfashi ya soma gagararta ko bakin titi ta taka. Ina neman katin asibitinta a akwati na tarar da farin maganin, kwali biyu ko buɗewa ba a yi ba, a naɗe cikin tsohon mayafi. Na nuna mata.

"Ai na yi riga-kafin tuni, na shanye kwali guda," in ji ta. "Ke da aka yi miki na ƙyanda, kullum ake yi miki?"

Ta so ta yi dariya, tari ya ƙwace ta.

Aka kwantar da ita da robar iska a hanci. Likitar ta ce ciwon huhu ne, irin wanda farin maganin ke tarewa. Kwana huɗu ina gefen gado da littafi a buɗe, ban karanta ko layi ba. Sau biyu na tashi zan yi wa likitar tambaya, sau biyu na ƙare da gaisuwa.

Akwai wata dattijuwar nas da na ji tana yi wa Inna sannu da Hausa. Iyayenta, ta ce, a yankin Jazira suka yi aikin auduga. Rana ta biyar bayan la'asar na bi ta wurin famfo. Na faɗa mata komai, har da lokacin da na rubuta, idona a ƙasa.

"Gwaggo, kalmata ce ta kwantar da ita? Za ta tashi kuwa?"

Sai da ta gama wanke hannunta, ta yarfe ruwan.

"Zazzaɓin ya sauka tun jiya, za ta tashi in Allah ya so. Kalmarki ba ta da laifi, 'yata, ni ma ita nake faɗa. Sai dai nakan ƙara da cewa kullum ne, kullum, har sai mu da bakinmu mun ce ya isa. Je ki faɗa mata, ta farka."